Kada ka yi cinikin biri a sama: amsa ga mai son sayen rabin shago da kuɗin giratuti

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya, kuma Allah Ya sa giratutina ya fito. Ɗan yayata yana da shagon kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano, ya ce in kawo naira miliyan 9 mu zama rabi da rabi. Ya ce shagon yana kawo ribar kamar dubu 600 a wata. Na tambaye shi littafi, ya ce komai yana kansa. Ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ta yaya zan san kuɗin da ya faɗa daidai ne? Na kuma ji an kawo sabuwar dokar haraji, ina tsoron kada in jawo wa kaina. Sannan akwai yara biyu a shagon, ni kuwa ba zama zan yi ba."

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya sanya albarka a abin da aka samu, Ya sa an huta lafiya. Tambayoyi uku ka yi: nawa ne ƙimar shagon, mene ne zai hau kanka na haraji, kuma ta yaya za ka tsare dukiyar da ba ka zaune a kanta. A aikina na akanta nakan ga mutane suna ɗaukarsu a matsayin matsaloli daban-daban, alhali duk ukun amsarsu a wuri guda take, wato littafin nan da aka ce maka yana cikin kai. Ba ina cewa ɗan yayarka maƙaryaci ba ne. Yawancin 'yan kasuwar da na zauna da su masu gaskiya ne, amma mai gaskiyar da ba ya rubutu shi kansa bai san ribarsa ba. Abin da ya sani shi ne kuɗi na shiga, kuɗi na fita, shago bai rufe ba.

Kuɗin ina za su tafi?

Kafin a ƙirga katan ko guda, tambaye shi wannan: miliyan 9 ɗin nan shago za su shiga a ƙara jari, ko aljihunsa za su shiga a matsayin kuɗin rabin da ya sayar maka? Mutane da dama ba sa yin wannan tambayar, kuma a nan yawancin rigimar take farawa.

Mu ɗauka an yi ƙidaya, an cire bashi, an tarar abin da shagon ya mallaka tsantsa miliyan 11 ne. In kuɗinka shago suka shiga, dukiyar ta zama miliyan 20, naka 9, nasa 11. Ka ga kasonka 45 cikin 100, in ya ba ka rabi ma ya yi maka alheri. In kuwa aljihunsa suka shiga, ya tafi ya ƙarasa gini ko ya sayi mota, to shago yana nan a miliyan 11 ɗinsa, rabinsa miliyan 5 da rabi, kai kuma ka biya 9. Miliyan 3 da rabin da ke sama ka biya su ne don sunan shago da kwastomominsa. Wannan ba haramun ba ne, suna yana da kuɗi, amma ka san cewa shi ka saya, ka kuma auna ko ya kai.

Yadda ake ƙimanta shago

Hanya ta farko ita ce a ƙirga abin da ke ƙasa. Ɗan yayarka ya san ta, domin ita ce yake bi, ko ya kamata ya bi, duk shekara wajen fitar da zakka: a yi wa haja kuɗi da farashin ranar, a haɗa da kuɗin hannu da bashin da ake sa ran karɓa. Bambancin kawai shi ne mai saye ya fi mai zakka tsanani.

A ƙirga kaya katan-katan, buhu-buhu, jarka-jarka, a yi musu kuɗi da farashin sari na yau, wanda za a sayo su da shi a wajen dila da safen nan. Ba farashin da za a sayar ba, domin ribar ba ta shigo ba tukuna. Madarar da ta rage wata guda wa'adinta ya ƙare, taliyar da ƙwari suka shiga, sabulun da ya shekara bai motsa ba, duk a ware su gefe a yi musu kuɗin da za a iya samu in an karyar. Sai firiza, janareta, kanta, da ragowar kuɗin hayar da aka riga aka biya.

Daga nan a zo kan bashi, kuma a nan nake so ka daɗe. Shagon sari a Singa yana tafiya ne a kan bashi ta fuska biyu: masu ƙananan shaguna na unguwa da na ƙauye suna ɗaukar kaya su kawo kuɗi daga baya, shi ma mai shagon yana ɗauka a wajen manyan diloli. Bashin da shago yake bi ka kasa shi uku. Akwai na wanda yake biya duk mako, wannan kuɗi ne. Akwai wanda ya haura wata uku, ni nakan ɗauki rabinsa. Akwai na ɗan'uwa, na maƙwabci, na wanda ya bar gari, wannan ka rubuta sifili a gabansa, in ya shigo wata rana a raba. Bashin da ake bin shago kuwa a cire shi gaba ɗaya, kuma kada ka tsaya ga abin da aka faɗa maka. Ku je tare wajen dilolin, a gaisa, a buɗe littafinsu a gabanka. Su suna rubutawa, domin kuɗinsu ne a waje.

Akwai kuma kayan da ke cikin shago amma ba na shago ba ne. Wata rana wani bawan Allah ya ɗauke ni in ƙirga masa sito kafin ya zuba kuɗi. Mun iske wuri maƙil, katan-katan ɗin man gyaɗa har rufi, sai da muka wuni muna lissafi. Da za mu tafi na lura a gefen wasu katan an yi wata alama da jan alli, wasu kuma babu. Ban ce komai ba. Bayan kwana tara muka koma ba tare da sanarwa ba, sai ga masu jan allin duk sun ɓace, kuma babu cinikinsu a ko'ina. Ashe na maƙwabci ne, an aro su don ranar ƙidaya. Tun daga ranar ba na yarda da ƙidaya guda. Sau biyu nake yi, ta biyun ba a san ranarta ba, kuma ina sa a zaro katan daga tsakiyar jeri a buɗe, domin na taɓa ɗaga katan a layin baya na ji shi sakayau.

Hanya ta biyu ita ce a duba abin da shagon yake haifarwa. Dubu 600 a wata miliyan 7 da dubu 200 ke nan a shekara. To amma ribar me? Tambaye shi ko ya cire kuɗin haya, ladan yara, fetur, dako, da kuɗaɗen kasuwa. Mu ce ya cire. Saura abu biyu da kusan ba wanda yake cirewa.

Na farko ladan shi kansa. Yana zaune a shagon daga safe zuwa magariba, in da wani aka ɗauka ya yi wannan aikin sai an biya shi. Mu sa masa dubu 150 a wata, miliyan 1 da dubu 800 a shekara. Riba ta koma miliyan 5 da dubu 400. A nan ne kuma za ka tambayi cefanen gida: shinkafa da sukari da man da ake ɗauka a kai gidansa, a cikin ladan suke ko a kan shago?

Na biyu tsadar kaya. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, 'yan kasuwa da yawa sun ga kuɗi sun yi yawa a hannunsu alhali kaya suna raguwa a sito. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mutum ya sayi katan a dubu 10, ya sayar a 12, ya ce ya ci dubu 2, ya koma sari ya tarar katan ɗin ya zama 11 da rabi. Ribarsa ta gaskiya ɗari biyar ce, in ya cinye dubu 2 ɗin jarinsa ya ci. Don haka in hajar shagon ta miliyan 12 ce, kuma farashi ya tashi da kashi 20 a shekara, sai an bar miliyan 2 da dubu 400 a ciki kafin a iya riƙe adadin katan ɗin da ake da su. Abin da za a iya rabawa a kai gida miliyan 3 ne, naka miliyan 1 da rabi, wato dubu 125 a wata. Nisa tsakaninsa da dubu 300 da kake lissafawa a zuci ba kaɗan ba ne.

Sai ka gwada da abin da kuɗin za su kawo maka a wani wurin. Sukuk ɗin da gwamnatin tarayya ta fitar a 2025, wato takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, yana biyan kashi 19.75 cikin 100 a shekara, ba yaron shago, ba gobara, ba mai cin bashi. Rabonka a shagon, in an haɗa da abin da aka bari a cikin haja, miliyan 2 da dubu 700 ne a kan miliyan 9, kashi 30 ke nan. Ya fi sukuk, kuma dole ya fi, tunda haɗarinsa ya fi. In bayan ƙidaya ka ga tazarar ta matse, to farashin ya yi tsada.

Game da sunan shago, ga ra'ayina. Kwastoman shagon sari mutum yake bi, ba bango ba. In ɗan yayarka ya tashi gobe, da shi za su tafi. Saboda haka ba na ba mutum shawarar ya biya kuɗi mai yawa a kan suna, sai in an rubuta cewa mai shagon zai ci gaba da zama na wasu shekaru, kuma ba zai buɗe wani irinsa a gefe shi kaɗai ba. Ka kuma ga takardar hayar da idonka: da sunan wa take, yaushe za ta ƙare.

Maganar haraji

Kwantar da hankalinka, abin bai kai yadda ake yaɗawa ba. Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yunin 2025, kuma sabon tsarin ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Hukumar tattara haraji ta tarayya, FIRS, ta koma NRS. Jita-jitar cewa za a riƙa yankar harajin kuɗin shiga daga duk kuɗin da ya faɗa asusun mutum ba gaskiya ba ce. Riba ake yi wa harajin kuɗin shiga, ba ciniki ba, ba kuma jarin da ka zuba ba.

Abin da ya shafe ka ya danganta da irin rajistar shagon a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista. In sunan kasuwanci kawai aka yi wa rajista, ko ma ba a yi ba, to a idon doka shagon da masu shi abu ɗaya ne. Kowannenku zai biya harajin kuɗin shiga a kan rabonsa, ga hukumar tattara haraji ta jihar da yake zaune, a nan Kano ke nan. Dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. In muka ɗauki rabonka na miliyan 2 da dubu 700 shi kaɗai, a cire dubu 800, saura miliyan 1 da dubu 900, kashi 15 ɗinsa dubu 285 a shekara. In gidan haya kake, ana rage maka kashi 20 na kuɗin hayar daga abin da za a yi wa haraji, iyakarsa dubu 500. Ana miƙa bayanin shekara kafin ƙarshen watan Maris.

In kamfani ne mai iyakantaccen alhaki, wato wanda bashinsa ba ya bin masu shi har gida, shi ke biyan nasa harajin ga NRS, kuma ƙananan kamfanoni an ɗauke musu harajin riba. A da iyakar cinikin miliyan 25 ne a shekara, sabuwar doka ta ɗaga ta. Sai dai ka lura da ciniki ake auna ƙanƙantar kamfani, shagon sari kuwa cinikinsa yana da yawa ko da ribarsa siririya ce, don haka yana iya haura iyakar ba tare da masu shi sun ankara ba. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, yana nan a kashi 7.5, kayan abinci na yau da kullum kuma ba a ɗora musu.

Abu biyu ne suka fi damuna a kanka fiye da yawan harajin. Ɗaya, tsohon bashi. In ka sayi hannun jari a kamfani, duk harajin da bai biya ba a baya yana nan a wuyan kamfanin, rabinsa ya zama naka. Nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda take nuna shekaru uku da suka wuce. In kuma tarayya ce a ƙarƙashin sunan kasuwanci, bashin da shagon zai ci bayan shigarka ana iya bin ka shi har gida. Shi ya sa ga wanda ba zai zauna a shago ba na fi son a yi rajistar kamfani, a rubuta kason kowa. Biyu, rashin littafi. Wanda ba shi da rubutu, jami'in haraji ne zai ƙiyasta masa. Zai kalli kuɗin da suka ratsa asusu, kai kuma ba ka da takardar da za ka nuna cewa mafi yawansu kuɗin dila ne. Na sha zama da mutanen da suka biya fiye da abin da ke kansu don kawai babu rasit. Rasit ɗin sari, na haya, na dako, duk a adana su shekara shida.

Duk wanda ya zo shago da riga mai tambari ya ce a ba shi kuɗi a hannu, a nemi takardar da ta faɗi sunan harajin da hukumar da ta aiko shi, a biya ta banki a asusun gwamnati, a karɓi rasit.

Tsare dukiya alhali ba ka nan

Satar shago ba kasafai take zuwa da fasa ƙofa ba. Kaɗan-kaɗan take tafiya. Yaro ya sayar a dubu 12 da ɗari biyar ya ce 12 ya sayar. Kwastoma zai yi taransifa, a miƙa masa lambar asusun yaro. A shigo da na'urar POS ta wani a ajiye a ƙarƙashin kanta. A rubuta bashi da sunan kwastoman da bai ɗauki komai ba. A karɓi katan 50 daga mota a sa hannu a kan 55, a raba da direba.

Maganin bai da tsada. A buɗe asusu da sunan shagon, kuɗin gida kada su ratsa ta cikinsa, alat kuma ya riƙa shiga wayarka da tasa a lokaci guda. A liƙa lambar asusun da manyan baƙi inda kowane mai saye zai gani, a rubuta cewa shago bai san wata lamba ba bayan wannan. Wanda yake fitar da kaya daga sito daban, mai karɓar kuɗi daban, tunda yara biyu ne ma abin ya zo da sauƙi. Kowane ciniki da rasit mai lamba a jere mai kwafi, in lamba ta yi tsalle a tambaya. Kullum kafin a rufe a haɗa kuɗin hannu da na POS da na taransifa a gwada da rasit, a ɗauki hoton shafin a turo maka ta WhatsApp. Kai kuma ka riƙa leƙawa ba tare da ka faɗa ba, ka zaɓi kaya uku kacal, ka ce sukari da madara da mai, ka ƙirga ka gwada da littafi. Minti ashirin ya ishe ka. Sau ɗaya a wata ka kira mutum biyar daga masu bashi ku gaisa, ka faɗi abin da aka rubuta a kansu, ka ji ko sun amsa.

Na waje kuma, babbansu alat na bogi. Saƙon waya da hoton rasit ba kuɗi ba ne, kaya ba sa fita sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin sun zauna, ko da mai sayen ya ce motarsa za ta tashi. Kai ma kanka, yanzu da aka san kuɗi sun shigo maka, za a kira ka a ce daga banki ne, BVN ɗinka ta samu matsala, ka karanto lambar da aka turo. Banki ba ya tambayar wannan lambar ko lambar sirrin katinka. In tsautsayi ya faɗa, a kira banki nan take a rufe asusun, domin sa'o'in farko su ne ake iya tsayar da kuɗi. Haka masu cewa kawo a ninka maka a wata guda: an ga damfarar MMM a 2016, an ga ta CBEX a 2025, kuma masu giratuti suna cikin waɗanda aka fi nema.

Wani abu da nake faɗa wa duk mai shago, ko ya ji daɗi ko bai ji ba: yaron da yake juya miliyoyi a hannunsa kullum, a ce ladansa kuɗin abinci da na mota, an sa shi a jarrabawar da ba kowa ke ci ba. A yanka musu albashi sananne, a sa musu wani ɗan kaso in ƙidayar wata ta cika daidai. Shagunan da na ga an yi haka, yaran da kansu suke tsare kayan.

Abin da zan yi in ni ne

Ba zan ba da kuɗin yanzu ba. Zan ce masa a yi wata uku ana rubutu: ƙidaya a farko, littafin shiga da fita kullum, ƙidaya a ƙarshe, tare da takardar bayanan asusunsa ta banki ta shekara guda. Bayan wata ukun lambobin da na yi misali da su a sama za su koma na gaskiya, sai a zauna a yi ciniki a kansu. Ko sun yi kyau, ba zan zuba giratutina duka a wuri guda ba, kuɗi ne da ba za su sake zuwa ba.

Na san abin da ke ranka, kunya ce. Ɗan yayarka ne, kana ganin neman takarda kamar tuhuma ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka yi wa umarnin a tsakaninsu. Ka faɗa masa don 'ya'yanka da nasa kake yi, saboda ranar da ɗayanku ba ya nan. A rubuta kason kowa, albashinsa, ranar rabon riba, iyakar bashin da zai bayar ko ya ci ba tare da saninka ba, da yadda za a ƙimanta shago in wani yana son fita ko ya rasu.

Ban ga shagon ba, lissafin da na yi a kan abin da ka faɗa na gina shi. Rubuta yarjejeniyar aikin lauya ne, hukuncin raba riba da asara a tarayya irin wannan kuma ka kai wa malamin fiƙihu, musamman batun haɗa albashi da kaso ga abokin tarayya. In kun gama wata ukun, turo mini jimillar ƙidaya biyun, da bashin da kuke bi, da wanda ake bin ku, mu sake duba farashin tare.